Sunan 'Yar Fari

Sana'ata tura fim. Ina da rumfa a bakin tashar Birnin Gwari, tsakanin mai faci da Naziru mai shayi, da kwamfuta guda mai gurnani kamar injin markaɗe. Mutum ya miƙo mini wayarsa ko memori ya ce, "Ɗalha, cika mini," ni kuwa in cika masa: na Indiya mai fassara, na Koriya, na Turawa, na Kudu, da namu na gida. Lokacin da aka rufe layin waya saboda mutanen daji, har daga Randagi ake aiko mini da memori ƙulle a leda, don in babu hanya babu kasuwa, kallo kaɗai ke rage wa mutum.

Ba na tura fim sai na duba shi, ko da a gurguje ne, kada in sa wa matar wani abin da zai ja mini zagi. Na kuma kasa su gida-gida a cikin kwamfutar, na faɗa daban, na aljanu daban, na ban dariya daban. Gidan da mata suka fi tambaya shi ne na yarinyar da ta yi ciki a gaban iyayenta. Na sa masa suna "Cikin Shege", tunda haka masu saye ke kiransa, kuma ranar da na rubuta ko a jikina.

A teburin Naziru ni ne malamin wannan fanni. In hira ta yi daɗi sai in gyara zama in ce, ku ba ni ƙasa in ba ku uba. Uban Indiya mari ne, mari mai amsa-kuwwa, a yi ta maimaita shi ta kowane ɓangare, sannan ruwan sama ya tsinke ko da rani ake. Na Koriya ba ya doguwar magana, fita yake yi waje ya kunna sigari, uwar ce za ta yi ta dukan yarinyar a gadon baya tana kuka, in ta gaji ta tashi ta dafa mata romo. Uwar Kudu kuwa birgima take yi a tsakar gida har maƙwabta su taru, abin da ake son ɓoyewa ita ce mai shelarsa. Wanda ya fi ba su dariya shi ne na Turawa, inda uwa za ta zauna a bakin gado, ta kama hannun 'yar ta ce, to yanzu me kike so a yi? Naziru yakan ajiye kofi ya riƙe ciki. "Ita ake tambaya? Ita da ta yi?" Sai in rufe da namu: uba ya dawo daga masallaci, ya ji, ya dafe ƙirji, ya yi salati, ya watso kayanta waje yana barazanar tsinuwa, daga nan a wuce da shi asibiti hawan jini ya tashi. Har kwaikwayonsa nake yi da hulata a hannu. Saboda wannan ake ƙara mini madara a shayi.

Ina da 'ya'ya huɗu, ta farin mace ce. Kun ji ban faɗi sunanta ba, to, mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Kakarmu Bafulatana ce, ita ta kafa mana abin da ƙarfi, har babana ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ce Wakili ba, wato yayana. Haka na taso na tarar, haka na ɗora. Ni na raɗa wa yarinyar suna a kunne ranar da aka haife ta, daga nan bai sake bi ta bakina ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Uwarta Furera ma haka. Ko a unguwa Baban Isah ake ce mini, da sunan ƙanenta, don kada a sa ni jin nauyi. Kunya ce kawai, kuma ta san da haka. Tana ƙarama ma wasa ta mai da abin. In na ce "Ke!" sai ta leƙo ta ce, "Baba, wa kake kira?" in ce, "Wadda ta amsa." Ta yi dariya ta kawo mini buta.

Shekararta goma sha shida lokacin da ta je Kakangi gaida kakarta ta wajen uwa, a farkon damina. A hanyar dawowa mutanen daji suka tare motarsu, suka kora su gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya ba ni da labarinsa mai daɗin ji. An yi kiran waya, an yi taro a zaure, an sayar da abin da za a sayar, an yi addu'a. Ni dai na san kullum nakan buɗe rumfa in tura fim, don hannuna ya san aikin ko babu ni. Sai da aka yanke dawa aka sako su.

Ta dawo ƙafafunta duk kaushi, ɗaure da wani zani da ba namu ba. Mata suka cika gidan da barka da arziki, ita tana zaune a tsakiyarsu tana kallon bango. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta nema. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Ke, sannu." Ta ce, "Yauwa, Baba." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan har kwanaki suka ja.

Wata safiya ina sa kwamfuta a jaka, Furera ta zo ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba.

"Malam," ta ce, "yarinyar nan fa ba ita kaɗai ta dawo ba."

Na gane. Na tsaya ina jiran abin da ke zuwa wa uba a daidai wannan wurin, tunda na gan shi ya fi a ƙirga. Na jira hannuna ya tashi ya dafe ƙirji, bai tashi ba. Na nemi salati a bakina, na tarar babu komai sai ɗanɗanon kokon da na sha. Ban ji fushi ba, tausayin ma ban ji ba, zuciyata ta sage kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na ce, "To." Na zuge jaka na tafi tasha.

Ranar ma Naziru ya yi baƙo, wani direban tirela, Nazirun ya ce lallai sai na yi wa baƙon uban Hausa. Na cire hula na yi masa, da dafe ƙirjin da komai. Aka yi dariya, aka ƙara mini madara, na shanye.

Maganar ta kai kunnen Yaya Wakili, don shi ne uba a gidanmu yanzu. Ya zo bayan la'asar muka zauna a zaure. Dillalin hatsi ne, maganarsa ma a aune take fita.

"Ɗalha, abin da ya faru ƙaddara ce, babu mai ɗora wa yarinya laifi," in ji shi. "Amma ka san bakin mutanen garin nan. Waɗanda suka zo barka yau, gobe su ne za su ce jinin 'yan daji na gidan wane. Tana da ƙanne mata, su ma za su nemi miji. Kafin abin ya fito fili a kai ta Funtuwa wajen Asibi." Asibi ƙanwarmu ce, can take aure. "Ta haihu a can, abin da aka samu a san inda za a ajiye shi. Ita kuma ta yi zamanta, in Allah ya kawo mai so shi ke nan. Ba korarta aka yi ba, rufin asiri ne."

"Za ta dawo?" na tambaya.

"Ta dawo ta yi me? Ai can ma gida ne."

Na ce, "To."

Da na gaya wa Furera sai ta ce, "Kai ma haka ka gani?" Na ce Yaya ya riga ya yanke. Ta daɗe tana kallona da muciya a hannu, sannan ta koma kan tukunyarta. Aka sa ranar Litinin, in motocin da jami'an tsaro ke yi wa rakiya za su tashi.

Ranar Juma'a ba na buɗe rumfa sai da yamma, kwamfutar a gida take wuni. Na dawo daga masallaci na jiyo gurnaninta daga ɗakina. Na ɗaga labule, sai ga yarinyar zaune a kan tabarma, kwamfutar a gabanta. Da ma ta fi ni iya ta, tun tana firamare ita ke gyara mini rubutu. Gidan nan ta buɗe. Sunan yana nan a sama baƙi ƙirin, yadda na rubuta shi.

Ba ta kallo yadda mutane ke yi. Sai ta buɗe fim, ta ja shi gaba, ta wuce waƙa, ta wuce soyayya, ta tsaya daidai inda iyaye ke jin labari. Ta kalla, ta rufe, ta buɗe na gaba. Ina tsaye a kanta aka mari ta Indiya, aka watso kayan tamu, ita ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Ke, rufe abin nan," na ce.

Ta tsayar da shi, ba ta rufe ba. "Baba, wanne za ka yi?"

"Wanne me?"

"A cikinsu. Na ga kwana yana ta tafiya ba ka yi ko ɗaya ba. Ina so in san wanda zan shirya wa."

Muryarta kamar mai tambaya ko an sa gishiri a miya. Na ce mata babu wanda zan yi, fim fim ne, ita ba ta yi laifin komai ba, Funtuwar ma don lafiyarta ce. Duk maganganun Yaya Wakili na juye mata, har da rufin asirin.

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Ka lura da wani abu a cikinsu?"

"Me?"

"Kowanne sai ya kira sunanta tukuna. Har mai marin, har wanda ya ce ta bar masa gida. Da ya ji, abin da ke fara fita daga bakinsa sunanta ne."

Ni da na kalle su har na haddace, nake kwaikwayonsu a teburin mai shayi, ban taɓa lura ba. Ta mai da na Indiya baya ta sake shi, mutumin ya daka tsawa da sunan 'yarsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta buɗe na Turawa, uwar ta faɗe shi a hankali kafin ta zauna a bakin gadon. Hakanan ne, duk cikinsu.

"A can 'ke' suke ce mini," in ji ta. "Ke, ɗebo ruwa. Ke, hura wuta. Ke, zo nan. Babu wanda ya tambayi sunana har muka fito. In na je rafi nakan faɗa wa kaina shi, don kada ya ɓace mini. Da na dawo sai na ji ka ce, ke, sannu."

"Kin san al'adar gidanmu," na ce.

"Na sani, Baba."

Ta rufe kwamfutar, ta goge murfin da gefen hijabinta yadda ta saba, ta fita. Na zauna inda ta tashi. Da zan ce na yi kuka da na yi ƙarya. Yunwa na ji, na ci abinci, na tafi tasha.

Kafin Litinin na gwada abin ni kaɗai. Sai in zaga bayan rumfa in babu kowa, in buɗe baki, harshena ya kai ga harafin farko ya cije. Abin ma har ya so ba ni dariya, ƙato da ni, da furfura a gemu, sunan da na zaɓa da kaina ya gagare ni. Sai in ga kamar babana yana tsaye yana kallona. In ce wa kaina, to in na faɗa ma me zai canza, cikin zai koma ne? In dawo kan kujerata.

Litinin da safe motocin Funtuwa suka yi layi suna jiran masu rakiya, kuma layin a gaban rumfata yake, babu yadda zan ce ban gani ba. Furera ba ta rako ta ba, ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ba. Yaya Wakili ne ya zo da ita, yana gaba tana biye da jakar leda mai zif. Ta zo ta durƙusa a bakin rumfa.

"Baba, za mu tafi."

"To. Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida goggonki."

"Za ta ji."

Ta shiga baya ta zauna jikin taga, jakar a kan cinyarta. Yaya Wakili ya shiga gaba kusa da direba.

Daidai nan Ladi mai ƙosai ta miƙo mini waya, hannunta duk mai. "Baban Isah, sa mini na cikin shegen nan, sabo, wanda uban ke da zafi. Na wancan satin uban sanyi gare shi, bai yi daɗi ba."

Na karɓa, na jona, na buɗe gidan. Ta saman kwamfutar ina hango tagar motar da gefen fuskar yarinyar, tana kallon bayan kujerar direba yadda take kallon bango a gida. Na san abin da zai faru kamar yadda na san ƙarshen kowane fim da ke gabana. Za ta je Funtuwa, Asibi za ta riƙe ta da kyau, za a ɗauke abin da ta haifa, za a samu wani ya aure ta. In ta zo gaisuwar salla in ce ke sannu, ta ce yauwa Baba, haka har ɗayanmu ya mutu. Masu rakiya suka iso, direbobi suka fara ta da mota.

Ban san na miƙe ba sai da wayar Ladi ta zame daga kan tebur. Na fito bakin rumfa na buɗe baki. Karon farko iska ce kawai ta fita. Na biyun ya fito da wata murya da ban san ina da ita ba, irin ta mai kiran shanu.

"Raudatu!"

Naziru ya tsaya da buta a sama, shayi yana tsiyaya gefen kofi. Mutanen nan tare muka tsufa, sun san gidanmu, ba su taɓa jin sunan nan a bakina ba. Yaya Wakili ya leƙo ta taga. "Ɗalha! Kanka ɗaya kuwa? A gaban jama'a?"

Ita kuwa ba ta dube ni ba. Ta waiga bayan motar, ta duba wajen masu lemo, tana neman mai kiranta, don ba ta san sunanta da muryata ba. Sai da ta gama dube-dubenta idonta ya faɗo kaina.

"Baba," ta ce, "wa kake kira?"

Babu wasa a muryarta. Tambaya take yi.

"Raudatu," na ce. "Sauko."

Direba ya fara mita, layi zai tafi ya bar shi, kuma babu mai son bin hanyar nan shi kaɗai. Yaya Wakili yana ta cewa in tuna da ƙannenta, in tuna da bakin mutane, in tuna magana an riga an yanke ta. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban taɓa musa masa ba sai ranar. Fasinjoji suka matsa, ta fito da jakarta.

Ta zo gabana ta tsaya. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta sauke hannuwanta, ta ɗan karkata fuska gefe, ta runtse ido. Sai da na ga haka na gane. Ta kalli finafinan duka, ta san abin da ke biyo bayan suna. Kumatunta ta ba ni.

Ni kuwa babu abin da ke biye. Ban tanadi mari ba, ban tanadi jawabi ba, ban san yadda za mu yi da cikin ba, balle garin, balle Yaya Wakili da ya fito daga mota yana huci. Na sunkuya na ɗauki jakar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kaya kala biyu ne da sabulu, abin da za ta bar gidan ubanta da shi ke nan. Nan ne abin nan da ya daɗe a sage a ƙirjina ya motsa, da irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya dawo mata.

"Mu je gida," na ce.

Ta buɗe ido. Na bar rumfar a buɗe, Ladi tana tambayar fim ɗinta. Muka bi ta tsakiyar kasuwa, ina gaba da jaka tana biye, mutane suna kallo. Mun wuce masu hatsi, mun kusa kwanar gidanmu, sai na ji ta yi magana a bayana ƙasa-ƙasa.

"Baba."

"Na'am."

"Sake faɗa."

Na duba gaba na duba baya, don kunyar ba ta sake ni ba, har yau ma ba ta sake ni ba. Sannan na sake faɗa, ta ce na'am.